Mai Askin Da Ya Ɗaura Fitila A Goshi

Rediyo ake ce masa a layinmu, kuma duk baƙon da ya ji sunan sai ya shiga shagon da shirin toshe kunne. Sai ya zauna a kujera, a yafa masa ƙyalle, a yi masa aski tas, a kaɗe masa wuya da hoda, ya tashi bai ji komai daga bakin mai askin ba in banda "sannu" da "na gode". Telan da ke maƙwabtaka da shagon ne ya laƙaba masa sunan tun suna samari, wai shi ne gidan rediyon da ba a taɓa kunnawa ba. Sunan ya bi shi har furfura. Mijina ne, kuma labarinsa zan bayar, don na san in aka bar shi da bakinsa ba mai ji.

Da i'ina ya tashi. Yayarsa, wadda duk muke ce wa Yaya, takan ce tun yana ƙarami in zai ce "ruwa" sai ƙishirwar ta wuce kafin kalmar ta iso. Mahaifinsu direban babbar mota ne, ya fi kwana a hanya da gida, mahaifiyarsu kuma ba ta da ƙoshin lafiya, saboda haka Yaya ce ta zama uwa, ta kuma zama bakinsa. A makaranta akwai malamin da ke tayar da shi ya karanta allo don aji su sami abin dariya. Ya jure har ya gaji. Ran nan ya ajiye jakarsa a ƙofar wani shagon aski, ya ɗauki tsintsiya ya kama share gashi, ba wanda ya sa shi. Mai shagon ya dube shi ya ce, "Kai kuma ɗan wane gida ne?" Ya buɗe baki, maganar ta maƙale. Mutumin ya ce, "Bar shi, ba sauri muke ba," ya miƙa masa buroshi. A hannun wannan dattijon ya koyi sana'a, kuma da dattijon ya tsufa hannunsa ya fara rawa, shi ya bar wa shagon.

Ya daɗe bai yi aure ba. Ya yi jinyar mahaifiyarsu har Allah ya karɓi abarsa, bayan nan kuma 'yan matan da Yaya ta yi ta nemo masa ba wadda ta iya da shirunsa. Ɗaya ta ce wa Yaya, "Ni fa hira aka ce za a zo mini, ba zaman makoki ba."

Ni a lokacin ina aiki a gidan burodi, ɓangaren kwaɓa fulawa, kuma ina da ɗa namiji daga aurena na fari. Auren ya mutu tun yaron yana rarrafe, ba sai na tsaya a kan wannan ba. Yaron ya kai shekara huɗu bai ce "Mama" ba. Ba ya kallon idon mutum. In ya sami abin da ke juyawa, ko murfin tukunya ne ko tayar keken wasa, to kin huta da shi har yamma. Abin da ya fi tsana a duniya shi ne a taɓa masa kai. Likitar yara ta ce mini lalurar otizim ce, wadda wasu ke ce wa galahanga. Ta ce ba laifina ba ne, ba kuma na kowa ba. Na ji ta, amma jin bai rage mini nauyin ba.

Gashinsa ya taru ya cukurkuɗe, har mata a bas suna kallona da ido irin na "wannan wace irin uwa ce". Na kai shi wani shago, ƙarti suka danne shi a kujera aka kunna kilifa, ya yi ihu har muryarsa ta dushe, ya wuni a ƙarƙashin gado bai ci komai ba. Na rantse ba zan sake ba. Amma wata abokiyar aikina ta ce in gwada Rediyo, ko ba komai shi ba zai cika yaron da surutu ba.

Shagon ɗan ƙarami ne. Kujerar aski ɗaya mai juyawa, benci na masu jira, madubi mai tsaga a kusurwa, da shiryayye da aka jera mataji da almakashi da kwalaben man gashi. Muna shiga yaron ya hango kilifa a rataye, ya ƙanƙame ƙofa ya fara kuka. Na kama ba da haƙuri, ina bayani kamar mai laifi. Rediyo ya matso. Ya cire kilifar daga soket, ya naɗe wayar, ya saka a aljihun tebur ya rufe, a gaban idon yaron. Sannan ya sa ƙafa ya ɗan tura kujerar askin, ta juya.

Kukan ya tsaya. Yaron ya saki ƙofa, ya kwanta a ƙasa yana leƙen ƙarfen da kujerar ke juyawa a kai. Rediyo ya dube shi, ya ce, "I-injiniya ne." Daga ranar sunan ya zauna, har kakarsa ma da shi take kiransa.

Ranar ba a yi aski ba. Ya ce mu dawo, muka dawo, muka sake dawowa. Wata rana na ga mutumin nan, da girmansa da farar rigarsa, ya shimfiɗa kwali ya kwanta kusa da yaron, suna kallon ƙasan kujera tare. Almakashi na hannunsa a ɓoye. Ya datsi ɗan gashi kaɗan daga ƙeya, ya dakata. Yaron ya yi ƙugi, bai tashi ba. Haka aka yi ta yi, yau gefe ɗaya, wani makon ɗaya gefen, har Tela ya ce wannan askin kafin a gama shi na farkon ya sake tsirowa. Amma an gama. Na tsaya ina kallon kunnuwan ɗana da na daɗe ban gani ba, hawaye suka zubo mini a gaban mutane.

Neman aurena ma haka ya yi shi, a tsanake. Ya zo gidan mahaifiyata da Yaya, ita ta yi ta zuba kamar an buɗe famfo, shi yana kallon tabarma. Da aka bar mu mu biyu, ya fara, "I-i-ina..." ya tsaya. Na san abin da zai ce, kuma harshena ya yi ƙaiƙayin in ƙarasa masa. Amma zama da Injiniya ya koya mini jira, sai na yi shiru har ya kai ƙarshen maganarsa da kansa. Daga baya Yaya ta ce mini wannan shirun ne ya gama da shi. Ita kanta da farko ta ɗan ja baya. Ta ja shi gefe ta ce, "Kai ba baki, yaro ba baki, wannan gida wa zai amsa sallama?" Ya ce, "I-ita." Yaya ta yi dariya har da riƙe ciki, shi ke nan magana ta ƙare.

Muka koma wani gida mai ɗaki biyu a hawa na sama, kusa da shagon. Injiniya ya shiga makaranta, yana kuma zuwa wajen malamar koyon magana a cibiyar yara da ke can ƙarshen gari. Ya fara nuna abin da yake so da hannu, ya iya 'yan kalmomi. Amma zama wuri ɗaya ya gagara. A aji sai ya tashi ya nufi taga, in aka dawo da shi ya fashe da ihu ya buga kansa da bango. Kusan kullum kafin rana ta yi tsaka an kira ni a waya in zo in ɗauke shi. Ni kuwa hannuna cikin ƙullu, ba dama in bar injin kwaɓa. Rediyo ne ke barin mutum da rabin aski ya ruga.

Ana cikin haka likitar cibiyar ta kira mu ofishinta. Mace ce mai sanyin murya, ba ta da kwana-kwana. Ta ɗauko wani maɗauri baƙi mai kama da ɗamara, da waya a jikinsa, ta ajiye a tebur. Ta ce ana ɗaura shi a goshin yaro. A cikinsa akwai 'yar fitila ja da wani hasken da ido ba ya gani, su ne ke auna yadda jini ke gudana a gaban ƙwaƙwalwa, wurin da ke aiki in mutum ya tattara hankalinsa. Yaro zai zauna yana kallon fim a kwamfuta. In ya natsu, jini ya ƙaru a wurin, fim ya ci gaba. In hankalinsa ya tafi, hoton ya dushe ya tsaya. A hankali, in an dace, sai ƙwaƙwalwar ta koyi riƙe natsuwar da kanta.

Ta ce, "Zan gaya muku gaskiya. Wannan ba ya warkar da otizim, kuma binciken da aka yi a kansa bai kai a bugi ƙirji ba. Wasu yaran iyayensu sun ga canji, wasu ba su ga komai ba. Ba kuma za mu daina koyon magana saboda shi ba. In kun yarda mu gwada, in ba ku yarda ba ba komai."

Ni zuciyata ta riga ta gaji da sa rai. An sha ce mini ga magani, in ruga, in dawo da kunya. Na buɗe baki zan ce a bar shi, sai na ji muryar maigidan.

"Ya-yana sa wuta a kai?"

"A'a. Haske ne kawai, aunawa yake yi, ba ya tura komai ciki."

"Da za-zafi?"

"Babu. Sai dai wasu su ɗan gaji, ko kai ya yi musu nauyi in an daɗe."

Ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa. "A fa-fara da ni."

Likita ta yi murmushi ta ɗaura masa. Ta kunna wani katun na kifaye. Ya ƙura ido kamar mai gyaran fuskar ango, kifaye suka yi ta iyo. Na ce, "Baban Injiniya, ka kulle shago kuwa?" Ya waigo a firgice, bai jima ba hoton ya dushe. Likita ta ce, "Hajiya, kin kashe mana kifaye." Duk muka yi dariya. Da aka cire masa ya shafa goshinsa, ya duba tafin hannunsa, ya ce mu gwada.

Gwajin farko bai yi daɗi ba. Ɗakin ƙarami ne, da kujera mai laushi da labule mai kauri, an yi shi don natsuwa, amma Injiniya na ganin an nufo goshinsa da abu ya fizge shi ya yi jifa da shi, ya shige ƙarƙashin tebur. Zuwa na biyu ko ƙofar ɗakin ya ƙi shiga. A hanyar dawowa na ce, "Don Allah mu haƙura. Yaron nan ya sha wahala, kar mu ƙara masa." Rediyo ya bari sai da muka sauka daga bas. Sannan ya ce, "Ba a-abin ya ƙi ba. Bai sa-san shi ba ne."

Washegari ya shiga wurin Tela da guntun baƙin yadi mai laushi. Ya sa aka ɗinka masa maɗauri daidai da na cibiyar, ya ciro 'yar fitila ja daga wata lalatacciyar tocila ya maƙala a gaba. Ya ɗaura a goshinsa, ya buɗe shago, ya kama aiki. Mutumin da duk rayuwarsa yake gudun a kalle shi, sai ga shi tsaye a gaban madubi da jar fitila a goshi.

Abin dariya ya samu. Tela ya leƙo ya ce, "A'a, yau an kunna Rediyo, ga fitilar ta kama!" Makanikin da ke tsallaken titi ya ce a ba shi hanya ga motar asibiti. Wani tsohon malamin makaranta da ke zuwa gyaran gemu ya tambayi dalili, Rediyo ya nuna Injiniya da ke zaune a kusurwa yana juya murfin kwalba, ya yi bayani iya ƙarfinsa. Malam ya ce, "To a ɗinko mini nawa." Kafin mako ya zagayo, Tela ya ɗinka wasu daga ragowar yadi ya rataye a ƙusa kusa da ƙofa. Duk wanda ya zauna a benci in ya ga yaron na nan sai ya ɗauka ya ɗaura, a ci gaba da gardamar ƙwallo kamar ba komai. Na taɓa shigowa na tarar da makaniki da Malam suna musu har jijiyar wuya, kowa da ɗamara a goshi, na koma waje na yi dariyata na share ido.

A gida ma da ɗamarar a goshi Rediyo yake cin abinci. Bai taɓa miƙa wa yaron ba, bai ce masa ya sa ba. Sai dai ya ajiye ƙarama a kan tebur, kusa da murafan kwalbarsa. Injiniya ya yi kwanaki yana zagaye ta. Ya fara taɓa ta da yatsa, ya koma kunna fitilar yana kashewa. Wata safiya ina haɗa masa jakar makaranta, na juyo na gan shi a gaban madubin ɗaki ya ɗora ta a kai, a karkace, ta rufe masa ido ɗaya. Na kusa yin guɗa. Rediyo ya ɗaga mini hannu, wato in yi kamar ban gani ba.

Da muka koma cibiyar, Injiniya da kansa ya ɗauki maɗaurin na gaskiya ya ɗora, likita ta gyara masa da yatsa biyu. Amma sai wata matsalar ta ɓullo: kifaye ba su dame shi ba. Hoto ya tsaya ko ya tafi, duk ɗaya ne a wurinsa. Likita ta tambaye mu me yake so ya kalla. Muka dubi juna. Rediyo ya ce, "I-injinki." Washegari na roƙi mai gidan burodi, na kafa wayata a kan buhun fulawa na ɗauki babban injin kwaɓa yana juya ƙullu. Abokan aikina suka ce na zama mai shirya fim. Rediyo kuma ya ɗauko bidiyon fankar shago, da injin wanki na maƙwabta, da tayar keke da makaniki ya ɗaga masa yana juyawa.

Zuwan da aka fara sa fim ɗin injin kwaɓa, na nemi izini a wurin aiki na bi su. Injiniya ya zauna, idonsa a kan ƙullu. Can wata mota ta yi ƙaho a waje, ya waiga, ya shiga wasa da igiyar labule, injin ya dushe ya tsaya. Da ya juyo ya ga ya tsaya, ya yi ƙara, ya bugi tebur. Na yunƙura zan tashi, Rediyo ya riƙe mini gefen mayafi. Yaron ya ƙura wa hoton ido, yana huci, ya ƙura, ya ƙura. Sai injin ya motsa. Yaron ya natsu. Ban san abin da ya fahimta ba, kuma ba zan yi masa ƙarya ba. Abin da na gani shi ne ya juyo ya dubi Rediyo a ido, kallo na gaske, sannan ya koma kan fim ɗinsa.

Daga nan tafiyar ta zama tasu su biyu, tunda ni aikin safe nake. A ranakun zuwa cibiya shago a rufe yake har azahar. Wasu masu zuwa aski suka gaji da tarar da kwaɗo a ƙofa, suka koma sabon shagon da aka buɗe a bakin titi, mai manyan madubai da kiɗa. Yaya ta zo ta yi faɗa, ta ce zai kashe sana'ar da ya gina da hannunsa. Ya bari ta gama, ya ce, "Ga-gashi yana sake tsirowa, Yaya." Ta ce, "Ji shi, ashe bakin na nan." Amma daga makon ita ce ke zuwa ta zauna a ƙofar shagon tana tare mutane da hira har ya dawo, kuma wanda Yaya ta kama da hira ba ya iya tashi.

Ba kullum ake dacewa ba. Akwai lokacin da Injiniya ya yi zazzaɓi ya kwanta, da ya tashi sai komai ya koma baya, kamar ba a taɓa farawa ba. Ya ƙi ɗamara, ya ƙi makaranta, ya dawo buga kai. A cikin wannan halin ne abin bas ya faru, ranar ina tare da su. Motar ta cika maƙil, direba ya ƙure kiɗa, ga zafi. Yaron ya toshe kunnuwa ya fara ihu yana dukan kujerar gabansa. Wani mutum mai babbar riga da ke kujerar ya juyo ya ce, "Wannan ai rashin tarbiyya ne. Da ɗana ne, mari ɗaya ya ishe shi. Iyayen zamani ke nan."

Na sunkuyar da kai, don na saba. Sai na ji maigidan ya miƙe. Mutumin da ko canjinsa aka riƙe ba ya iya tambaya, ya tsaya a tsakiyar bas, ya buɗe baki, maganar ta maƙale. Leɓensa na rawa, wasu samari a baya suka fara ƙyalƙyala dariya. Bai zauna ba.

"Ba-ba-ba rashin ta-tarbiyya ba ne, Alhaji. La-lalura ce. Ƙa-ƙarar nan tana yi masa ci-ciwo." Ya juya gaba. "Di-direba, don Allah."

Direba ya kashe kiɗan. Bas ta yi tsit, sai kukan yaron da ke raguwa. Wata tsohuwa ta buɗe taga, ta ce, "Allah ya ba shi lafiya, ya saka muku." Mai babbar riga bai sake juyowa ba, amma da zai sauka ya ɗan tsaya ya ce, "A yi haƙuri, ban sani ba." Rediyo ya zauna, rigarsa ta jiƙe sharkaf da gumi. Na ɗora hannuna a kan nasa har muka iso.

Aka sake farawa daga tushe, da ɗamarar Tela a kan tebur, da fim ɗin injin wanki. Wannan karon bai ɗauki lokaci kamar na farko ba. Watanni suka shuɗe. Canjin bai zo da ganga ba, sai da na waiga na lura da shi. Wayata ta rage ƙara da rana. Malamar ajinsu ta ce yanzu yakan zauna har a gama darasi ɗaya, wani lokacin biyu, kuma in abu ya dame shi yakan je kusurwa ya toshe kunne maimakon ya bugi bango. A gida ya fara zama da mu har a gama cin abinci. Malamar koyon magana ta ce yanzu tana samun inda za ta saka kalma, don yana tsayawa ya saurara. Ranar da ya ja hannun rigar Rediyo ya ce, "Baba, ruwa," maigidan ya tashi da sauri har ya yi tuntuɓe da kujera, ya kawo ruwan a kofin shayi don bai tsaya neman wani ba.

Da aka kammala zaman da aka tsara, na tambayi likita ko na'urar ce ta yi wannan aikin. Ta ce, "Ba zan iya rantsewa ba. Yaron ya ƙara girma, yana koyon magana, makaranta ta gane shi, ga kuma mutumin da ke hawa bas da shi yana zama kusa da shi ba gajiya. Wataƙila na'urar ta taimaka, ina fatan haka. Amma ban san yadda zan raba muku kason kowa ba." Na ji daɗin wannan amsar fiye da in da ta cika mini baki. Akwai wata uwa da muke haɗuwa a ɗakin jira, ita 'yarta ba ta ga wani canji ba, ta daina zuwa, kuma har yau muna gaisawa a waya. Ba na ce wa kowa ga magani. In an tambaye ni, abin da ya faru a gidana nake faɗa.

Yanzu Injiniya ya kusa kamo ni a tsawo. Otizim ɗinsa na nan, tare muke rayuwa da shi. Maganarsa gajera ce, baƙi suna gajiyar da shi, kuma akwai ranakun da sai a hankali. Amma yana zuwa makaranta ya wuni, yana wanka da kansa, ya san hanyar gidan kakarsa. Allah ya ba mu 'ya mace bayansa, wadda ta kwaso bakin gwaggonta kaf, har Yaya na cewa yanzu ne gidan ya sami mai amsa sallama ta biyu. Iyayen da muka saba da su a cibiyar kuma suka riƙa kawo 'ya'yansu shagon, har Rediyo ya ware musu safiya ɗaya a mako. Gwiwoyinsa sun fara ciwo, idonsa sai da tabarau, amma bai taɓa mayar da kowa ba.

Kwanakin baya na zauna na yi tunani, na ga duk tsawon zamanmu ban taɓa yi masa godiya ta musamman ba. Kullum ana cikin gudu. Sai na zaɓi wata yamma da yara suka tafi wurin kakarsu, na yi kwalliya, na dafa shayi, na jira ya dawo daga shago. Ya shigo ya gan ni zaune a shirye, ya tsaya a bakin ƙofa da takalmi ɗaya a hannu.

"La-lafiya? Wani a-abu na yi?"

Na ce ya zauna. Na fara jero abin da na tsara a raina, shagon da ya riƙa rufewa, dariyar da ya sha, tafiyar da ya yi ta yi cikin rana da ruwa. Ban kai rabi ba muryata ta karye. Na ce, "Baban Injiniya, na gode. Allah ya saka maka da abin da ni ba zan iya ba."

Ya daɗe yana juya kofin a hannunsa, fuskarsa kamar wanda aka ba lissafin da ya fi ƙarfinsa. Sannan ya ɗago.

"A-amin. Amma a-ana gode wa mu-mutum don ya kai ɗa-ɗansa asibiti?"

Ya kurɓi shayin, ya ɗan yamutsa fuska, ya ce na manta sukari. Na tashi na ɗauko masa, muka zauna muna sha har muka ji hayaniyar yara a matakala.